Wutar da ta ci harawar Ardo

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da fatan iskar nan ba ta ɗauke maka hula ba.

Ni ne Baba Sule daga Gangare, ina da 'yar gona bayan unguwar Rayfield. Kowace kaka nakan ƙone ciyawar gefen gona da sassafe, raɓa na kwance, don gobarar daji ta zo ta rasa abin ci. Haka mahaifina ya koya mini.

Bana babu raɓa, sai zafi da iska. Na taɓa ciyawa ta bushe ƙamas, amma taurin kai ya ce in kunna. Kafin in saro ganyen bugun wuta, iska ta juya. Wuta ta tsallaka ta cinye harawar da maƙwabcina Ardo ya tara wa shanunsa.

Ya iso yana haki, ya ce, "Baba, masu farautar gafiya ne ko?"

Na ce, "Uhm."

Kwana tara ke nan "uhm" ɗin nan ya hana ni sukuni, shanunsa kuwa sai lasar toka. Jama'a, da wane baki zan fara? Ko da yake shirin nan na rediyo ba ya wuce Ardo.

Ardo, ba masu gafiya ba ne. Gobe ina tafe da karan dawata duka.