Naman Suna Ya Kumbura Mini Ƙafa

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Baba Iddirisu na unguwar Dichemso, ɗan aji huɗu da ya fi likita ilimi, har ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi.

Bara a asibiti aka ce ƙodata ta gaji, in rage nama, kifi da ƙwai. 'Yata Ramatu ta riƙa yanka mini tsoka kamar kwalin ashana. A gida na zama waliyyi. Amma kun san Zango, duk suna da sadakar arba'in sai an kira ni in ba da dariya, kuma ƙin cin abincin mutum zagi ne. Ni kuwa daga unguwar Tafo har ta Bantama ban zagi kowa ba.

Yanzu likita ya ce wankin ƙoda ya matso. Da Ramatu ta gano naman da nake ci a waje, ta ce, "Baba, wata takwas ina auna maka, ashe ni kaɗai ke jinyar?" Tun ranar ba ta ƙara dariyar barkwancina ba.

Masu cika mini kwano ko dubiya ba su zo ba. Masu sauraro, yaya ake ba 'ya haƙuri ba da wasa ba? Wannan kam ban iya ba.