Motar Kaka Jibo

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙungiya, Alhaji Saini Maiga, limaminmu, Malam Tahiru, iyayenmu mata, direbobi da masu aikin masana'anta, jama'armu ta Greensboro a nan Amurka baki ɗaya, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba ni wannan dama, ko da yake na ga wasu sun fara murmushi tun ban buɗe baki ba. Ku adana shi, yau ni Salele ban zo da wasa ba.

Magana ta farko. Kun san Kaka Jibo, kun san farar motarsa ta ɗaukar kaya, wadda yake kwasar tsofaffin firji da ƙarafa da ita yana sayarwa. Da matarsa ta kwanta asibiti, ya jinginar da takardar motar ya karɓi rance. Bashi ya yi masa yawa, ya kai kansa kotu ya ce ya karye.

Magana ta biyu. Lauyarsa ta gaya masa cewa tunda ba da rancen ya sayi motar ba, idan ya nuna da ita yake neman abinci, mai yiwuwa alƙali ya cire hannun masu rance daga kanta. Gaskiya kawai ake so ya faɗa.

Magana ta uku, ita ce mai nauyi. Ni na laƙaba masa Ministan Bola. Wasan jika da kaka ne. Na kan ce, "Tsoho, yau firji nawa ka yi wa jana'iza?" Ya ce, "Ɗan banza, kai ne na gaba, har na auna tsawonka." Na yi dariya, kuka yi dariya, sunan ya bi shi masallaci, ya bi shi wurin suna, ya bi shi har waya zuwa gida, inda 'ya'yansa ke cewa babansu ma'aikacin kamfani ne.

Ranar da aka zauna yi masa tambayoyi, tafintan da aka haɗa shi da shi ta waya ɗan garinsu ne. Aka ce, me kake yi da motar? Kaka ya ji muryar gida, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ta hawa ce, masallaci da cefane." Bayan ya yi rantsuwa, jama'a! Aka rubuta.

Jiya na same shi yana goge motar da tsumma. Na ce, "Kaka." Ya ce, "Ka kira ni da sunan mana, ai saura kwana kaɗan a sauke Minista."

Lauya ta ce ranar Alhamis zai iya gyara maganarsa, in akwai masu shaida, kuma ba ta yi alkawarin komai ba. In motar ta tafi, sana'a ta tafi, kuɗin maganin matarsa sun tafi. Ga takardar shaida nan. Wanda Kaka ya taɓa ɗauke wa firji, wanda ya taɓa kwashe wa kaya ranar tashi daga haya bai karɓi ko dala ɗaya ba, ya zo ya sa hannu. Ni zan fara, da ajami. Wanda bai taɓa dariyar sunan nan ba, shi kaɗai na yarda ya ci gaba da zama.

Ku dubi kujerar Kaka, bai zo ba.

Allah Ya ba matarsa lafiya, Ya rufa mana asiri a ƙasar nan, Ya yafe mana abin da harsunanmu suka jawo, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.