Kyamarar Tsohon Sito

A ɗakin jiran ganin likita, wata tsohuwa ta leƙa wayar matashiyar da ke gefenta.

"'Yata, wane irin fim ne wannan? Ba abin da ke motsi."

"Ba fim ba ne, Inna. Kyamara ce a tsohon siton kamfaninmu. An manta da ita a kunne, kowa na iya kallo ta intanet."

"To ke mene ne naki?"

"Aikina ke nan, in nemo ƙofofin da muka bari a buɗe in rufe. Ta irinsu ɓarawo ke bi har ya kai ga bayanan mutane."

"Kin rufe wannan?"

"Sai gobe."

"Uhm. Gobe."

"Duba, Inna. War haka rana kan sauko ta hudar rufin kwano, siririya. Sai ta bi ƙasa a hankali, ta hau kujerar can ta zauna."

"Kujerar wa?"

Matashiyar ta ɗora yatsa a kan kujerar da ke cikin wayar.

"Ta babana ce. Shi ke riƙe da makullan siton har ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Wane irin mutum ne?"

"Baba ke nan! Sai ya kulle, ya girgiza kwaɗon, ya kai bakin titi, ya dawo ya sake girgizawa. Bai taɓa barin ƙofa a buɗe ba."

Sai ta mai da idonta kan wayar.

Tsohuwar ta gyara mayafinta. "Bari ranar ta sauka daga kujerar tukuna. Sannan ki kulle masa."