Ni Nake Aikensa Kunno Sigari

Salama gare ka, Malam mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Yadi nake sayarwa a unguwar Kakuri. Don Allah a sakaya sunana, rabin mutanen unguwar Makera kwastomomina ne.

A gidan haya muka zauna, kusan kowane magidanci da sigari a baki. Idan ashana ta ƙare, sai in miƙa wa ɗana Ishaku kara ɗaya, ya je murhun mai ƙosai ya kunno mini. Shekarunsa tara lokacin. Ni da nake gane yadin jabu daga nesa, ban taɓa tambayar kaina me ya sa wutar ba ta mutuwa a hanya ba. Ashe zuƙa yake yi.

Yanzu yana da shekara ashirin da uku, yana tuƙa keke mai ƙafa uku. Daga sigari ya koma ƙwayar hana barci. Ya rame, ba ya cin abinci, ran Asabar ya kusa kifar da fasinjoji. Na tare shi gaban uwarsa ina ihu: "Wane ɗan iska ne ya koya maka?"

Ko murya bai ɗaga ba. Ya ce, "Baba, kai ne kake cewa idan ta mutu a hanya zan sha mari."



Malam, ina zan kai shi a taimake shi? Kuma ta yaya uba ke roƙon ɗansa gafara? Ina gaida Maman Ishaku, wadda ta sha hana ni aiken nan, na ƙi ji.