Ranar Da Na Kira Ɗan Farina Da Sunansa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Daga ƙauyenmu na kusa da Tsanyawa nake rubutowa.

Ɗana na fari, tun da ya tasa, idan zuciya ta ɗebe shi sai ya farfasa tukwane, ya bi ƙannensa da duka. A shekarun nan na tsadar hatsi abin ya tsananta, har 'yan'uwan babansa suka ce a kai shi gidan mari. Na roƙi arziki, muka kai shi wata makaranta a Kano mai kula da irinsu.

Wata rana da na je ziyara, malamarsu ta ja ni gefe. "Inna, yaron nan ya ce bai taɓa jin sunansa a bakinki ba."

Na ce, "Haba Malama, ɗan fari ne fa!"

Sai da na tambayi malaminmu na ƙauye, ya ce al'ada ce, ba addini ba. Da yaron ya zo hutu na ce, "Habibu, zo ka ci tuwo." Ya tsaya cak, sannan ya zauna kusa da ni. Fushin bai tafi duka ba, amma yanzu ni yake nema idan ya taso.

Uwar mijina ta ce rashin kunya ne. Ba zan daina ba. Jama'a, yaya zan fahimtar da ita ba tare da na ɓata mata ba?