Risho a Ƙarƙashin Gado

Ƙararrawar gobara ta fito da mu filin gaban ɗakunan kwananmu na jami'a. Wata dattijuwa mai ziyara ta tare wata ɗaliba.

"'Yata, gobara ce?"

"Atisaye ne, Mama. Gudu ake koya mana."

"Babu wuta, amma ku gudu?"

"Haka suke. Har girki sun hana a ɗaki. Ni kuwa tun aji ɗaya rishona na ƙarƙashin gado, ban taɓa ƙona ko tsinke ba. Yunwa ba za ta kore ni daga karatu ba."

"Madalla. Hayaƙin tagar can mai jan labule, shi ma na koyo ne?"

"Innalillahi! Mama, na kashe shi kuwa da zan fito?"

"Ni kike tambaya? Yau na fara ganinki."