Tiyon Tsoho Evaristo

A wani shagon kayan famfo a garin Neuquén, tsoho Evaristo ya ajiye ruɓaɓɓen tiyo gaban mai shago.

"Na wurin wanke-wanke ne, a ɗakin da nake kwana, irin wanda ake ja da mota. Yoyo yake, har katifata ta jiƙe."

"Baba, wannan ai ya gama yawo. Canja duka kafin ka hau hanya."

"Wace hanya? Ko taya babu. Yana ajiye a bayan gidanmu."

"To ka riƙa wanke kwanukanka a cikin gida mana."

"Ɗana da matarsa suna kullewa in za su fita."

"Au, gidan nasu ne?"

Evaristo ya ɗauki tiyon yana jujjuya shi a hannunsa.

"Ni na gina shi. Yanko min sabo, yaro."